Tabarmar Gwaggo Habi

Idan ka yi sallama a ƙofar ɗakin Gwaggo Habi a Wurno, kafin ka gama cire takalmi ta riga ta jefo maka tambayarta: "Wa ak kwance?" Ba rashin iya gaisuwa ba ne. Shekaru ne suka koya mata cewa ba a cika taka ƙofar nan don a tambayi kwananta ba. Duk wanda ya zo, to wani ne ba lafiya, an ba shi gado a asibiti, ana neman wanda zai zauna da shi. Kafin ka ba ta amsa ma hannunta ya kai kan ƙunshinta da ke jingine kullum a bayan ƙyaure: tabarmar roba koriya da ta koɗe, buta, filas, kofi da cokali, sai ƙullin ulu da kwarashin saƙa.

Jinya ita ce sana'arta, in ana kiran aikin da ba a biya sana'a. A Rabah aka haife ta, a can ƙanwarta Ikilima take har yau. Aka kai ta aure Goronyo gidan wani masunci mai suna Iliyasu, mutum mai sanyin hali da ya fi iya magana da taru fiye da mutane. Ta haihu sau biyu, ba wanda ya kai yaye. Da wanta ya rasu sai aka ba ta riƙon ɗansa Lawwali, ta goye shi, ta yi masa kaciya, ta yi masa aure. Daga baya ciwo ya kama Iliyasu, irin mai cin mutum a hankali, suka yi ta yawon asibiti daga Goronyo zuwa Sakkwato har Allah ya karɓi abinsa. Da ta fita takaba ƙanenta Attahiru ya ba ta ɗaki a gidansa na Wurno. Sunan ɗaki dai nata ne, amma gizo-gizo ya fi ta kwana a ciki.

A jinyar Iliyasu ta koyi abubuwan da ba a koyarwa. Ta san inda ake samun ruwan zafi da sassafe, ta san yadda ake ba mai amai kunu ba tare da ya dawo da shi ba, ta san ma'aikaciyar da ake yi wa doguwar gaisuwa da wadda ake faɗa wa magana a tsaye. Ta iya juya ƙaton namiji a kan gado ita kaɗai. Dangi suka gano haka, kuma ka san halin dangi in sun gano rijiya mai zaƙi. Yau tana Rabah jikan Ikilima ya kamu da ƙyanda, jibi tana Goronyo matar Lawwali ta sauka, kafin ta wanke zanenta an bugo waya daga Gandi wani surukin suruki ya faɗo daga kan babur. 'Yan kabu-kabu na tashoshin nan uku duk sun san ta, har wasu kan rage mata kuɗi don sun san ba biki za ta ba. In ta sami zama a barandar asibiti sai ta saƙa hulunan jarirai, ta sayar wa masu jego a nan take. Da wannan take sayen sabulu da goro.

Ita kanta ba ta iya zama ba. In aka yi mako ba a neme ta ba sai ka ga ta share tsakar gida sau uku, ta kwance ƙunshin ta sake ɗaurewa, ta leƙa waya ko ta mutu ne. Matar Attahiru kan ce ƙafar Gwaggo ƙaiƙayi gare ta. Habi ba ta musu. Ta kan ce zumunta a ƙafa take, wanda ya zauna ya yanke ta.

Lokacin da katin inshorar lafiya ya shigo garin, Attahiru ya sa sunanta cikin iyalinsa, kuma Habi ta fi kowa yabon katin, don ita ta ga amfaninsa da idonta. Ta ga an daina kai akuya kasuwa saboda zazzaɓin yaro. Amma da yake ita ce mai kwana a gindin gado, ita ce kuma ta san inda katin yake tsayawa. Ya kan kai ka wurin likita, ya ba ka magani. In ciwo ya girma aka ce sai Sakkwato, to motar da za ta kai ka taka ce, babban hoto naka ne, wasu ayyukan tiyata naka ne, abincin da za ka ci naka ne. Wanda zai ɗaga ka ya kai ka bayan gida kuwa, wannan ba a ma zancensa, an ɗauka kowa yana da Gwaggo Habinsa.

Wata damina tana jinyar surukar Ikilima a Sakkwato, aka kwantar da wata tsohuwa daga Giyawa a gadon da ke kusa. Wanda ya kawo ta ya juya a ranar. Gefen gadon kowa akwai tabarma da kwanuka da mutum, gefen nata siminti ne tsirara. Ma'aikata na iyakar ƙoƙarinsu, amma hannu biyu ba ya raba kansa gida ashirin. Habi ta kasa kallo, ta riƙa raba kununta biyu, tana kore mata ƙuda, tana gyara mata zane.

"Inna, ba ki da kowa na?" ta tambaye ta wata rana.

"Ina da ɗiya maza huɗu, da jikoki," in ji tsohuwar, ba tare da wani ɗaci a muryarta ba. "Suna gona. Damina ta, ɗiyata. In sunka taho nan, mi za mu ci baɗi?"

Maganar nan ta bi Habi har Wurno. Mai 'ya'ya huɗu ke nan. Ita fa, da ko ɗaya babu? An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta ka shafa wa naka ruwa, kuma ko da yake Habi ba ta da gemu, ta ji ƙaurin. Ta yi kwanaki tana kai da kawo a tsakar gida kamar kazar da ke neman wurin ƙwai, har ƙafarta ta kai ta gidan Safara'u, ƙawarta tun ƙuruciya, shugabar ƙungiyar mata masu gyaran shinkafa. Ta san ƙungiyar ta haɗa kai da wani kamfani sun fito da abin da suke kira ƙarin kati.

Safara'u na juya shinkafa a kan shanya take yi mata bayani. "Katin da ag gare ki zane na, Habi. Ya ruhe miki jiki, an gode Allah. Amma wa ka shiga taro da zane ɗai? Wanga mayahi na." Ta ce mai ƙarin kati in an tura shi Sakkwato mota za ta zo ta ɗauke shi, a yi masa hoto da tiyata, a ba shi abinci, a duba masa ido da haƙori in ya buƙata. In kuma ba shi da mai jinya, a ba shi wadda aka horar, ta zauna da shi har a sallame shi.

Nan Habi ta yi tsalle kamar an taka mata yatsa. "Jinya da kuɗɗi? Subhanallahi! Duniya ta ƙare. Wadda ba ta san sunan uwarka ba ta wanke maka jiki?" Ta ja mayafi ta fita tana tsaki. Ta kai bakin kasuwa, ta dawo. Ta sake fita, ta sake dawowa. A dawowa ta uku ta kwance bakin zanenta ta ce a sa ta. Abin da ta zaga ɗin nan, shi ne ya dawo da ita, kuma daga ranar kuɗin hulunan jarirai suka sami inda suke zuwa.

Da Attahiru ya ji, ransa ya ɓaci sosai, kuma tsakani da Allah ya ɓaci. "Yaya, mi munka yi miki? Mu mun mace na, da za ki biya bare ta zamna da ke? Ran da kanki yay yi ciwo, wallahi gidan ga dut tashi za shi yi."

"Ban ce kun mace ba," in ji ta. "Na dai ce damina ba ta san zumunta ba."

Aka yi ta tsokanarta a gida na wani lokaci, ana cewa Gwaggo tana yi wa cuta shimfiɗa tun ba ta yi sallama ba. Daga baya kowa ya manta, don Habi ba ta taɓa kwanciya ba balle a tuna.

Ashe cutar ta daɗe da shigowa. Shekarar da Lawwali ya karye a ƙafa, ita ta riƙa ciccibarsa daga gado zuwa kujera, ga shi ƙato, kifin Goronyo bai tafi a banza ba. Wata safiya tana ɗaga shi ta ji wani abu ya tsage mata a gefen cibiya. Ta cije, ta ajiye shi a hankali, ba ta ce uffan ba. Bayan nan wani ɗan kumburi ya fito, in ta kwanta ya koma, in ta ɗauki nauyi ya leƙo. Ta riƙa ɗaure shi da ɗankwali a ƙarƙashin zane. Kumburin ya yi ta girma yana cin ɗankwali, har ranar da ya murɗe ta a tashar Rabah ta durƙusa a gaban mai rake, ta yi kamar takalminta take gyarawa.

Likitan Wurno ya ce ƙaba ce, hanji ne ke turo kai ta inda naman ciki ya yage, kuma tata ta wuce aikin ƙaramin asibiti. Motar ƙarin kati ba ta ma zo ba a wannan karon, don Habi ta ce ita da ƙafarta za ta je, ta fake da cewa za ta dubo wani. Aka yi mata hoto a Sakkwato, aka sa mata ranar tiyata. Ana gobe ranar waya ta yi ƙara, jikan Ikilima na sanƙarewa. Me kake tsammani? Ta ɗauki tabarma ta yi Rabah.

Da ta koma, likitan tiyatar bai yi mata faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi sauƙi. Ya zaunar da ita ya ce, ranar da hanjin nan ya shaƙe ya ƙi komawa, hanyar Wurno zuwa Sakkwato za ta iya yi mata tsawo. Ya sake sa rana, ya ce ta faɗa wa 'yan'uwanta, ta zo da mai jinya. Habi ta fito tana dariyar da ba ta kai ciki ba. Ta ji tsoro, tsoro na gaske, irin wanda ta saba gani a idon wasu tana ce musu ba komai.

Ranar ta faɗo a tsakiyar bazara, lokacin da ake haƙar albasa da tafarnuwa, shinkafar rani kuma na neman ruwa kamar ta yi magana. Habi ta ƙudura za ta faɗa. Ta fara da Attahiru, ta same shi a zaure da yamma ya dawo daga fadama, laka har gwiwa, injin ban ruwansa ya lalace. Ta zauna, ta gyara murya. Shi ya riga ta.

"Yaya, ni kam ina gode ma Allah da yab ba mu ke. Da wanga aiki, in wani yak kwanta, wa za shi iya barin gona? Ke ɗai ta rufin asirinmu."

Ta ce Allah ya sa albarka a noman, ta tashi.

Washegari ta hau kabu-kabu zuwa Rabah, kowane rami a hanya sai ta ji shi a cibiya. Ikilima ta tarbe ta da fura da labarin gwiwarta da ke hana ta sallah a tsaye, da cikin 'yarta Atika da ya tsufa. "Ki zamna kusa, Yaya, wata mai kamawa za mu neme ki." Habi ta buɗe baki, ta dubi gwiwar ƙanwarta da ta kumbura, ta mayar da maganar ciki tare da furar.

Saura Lawwali. Shi ne nata, shi ta goya. Ta same shi a gonarsa a gefen dam, albasa tsibi-tsibi, mata na yanke ganye, ana cusa wata a buhu ana jera wata a rudu, wato rumfar ajiyarta, mota na jira direba na ta danna oda. Ya hango ta ya taho da gudu yana share zufa, fuskarsa cike da murna.

"Gwaggo ƙarhe! Cikin ranar ga? Ke kam ko ciwon kai bai san gidanki ba."

Hannunta na kan ɗankwalin da ke ƙarƙashin zane. Kalma uku ce kawai, ba ni lafiya, amma ta yi mata nauyi fiye da shi kansa Lawwalin ranar da ta ɗaga shi. Wanda ya saba a roƙe shi bai iya roƙo ba. Aka ƙwala masa kira daga wajen mota, ya waiga, ya cika mata leda da albasa, ya ƙara da busasshen kifi, ya biya ɗan kabu-kabu.

"Ina kika nuhwa yanzu, Gwaggo?"

"Gaba," in ji ta.

"To, a gaishe su. Allah shi ba su lahiya."

Kada a yi saurin zaginsu, ba mugaye ba ne, kowannensu zai iya cire rigarsa ya ba ta. Amma kada kuma a wanke su tas. Mace ta zo maka cikin zafin bazara ba wanda ya kira ta, ta zauna tana kallon bakinka, ai ko makaho ya ce Gwaggo lafiya dai. Ba wanda ya ce.

Daga Goronyo gidan Safara'u ta wuce. Ita kaɗai ta faɗa wa, ta kuma sa ta rantse ba za ta ce wa kowa ba ta da lafiya ba. Ta damƙa mata wayarta, don ta san kanta: in ta yi ƙara, ko a kan teburin tiyata take za ta sauko. Safara'u ta zage ta, ta yi kuka, ta ce za ta bi ta, Habi ta ce shinkafar mutane na cikin tukunya. Da safe mota ta zo ƙofar Safara'u. Mutanen gidan Attahiru sun ga ta fita da tabarma, suka ce Gwaggo ta yi Rabah. Mutanen Rabah sun san ta yi Goronyo. Lawwali kuwa ya san ta yi gaba.

A motar nan ta rasa inda za ta sa hannunta. Duk zuwanta Sakkwato a matse take a baya, kan wani a cinyarta, tana riƙe da ledar amai. Yau kujera guda tata ce, cinyarta ba kowa. Ta ɗora tabarmar a kai ta rungume.

Aka yi aikin lafiya. Ba ta sayar da ko cokali ba, ba ta aika a roƙi kowa ba, kuma wannan ya yi mata daɗi ƙwarai. Da ta farfaɗo ta ga wata mata mai matsakaicin shekaru zaune a kujera kusa da ita, tana jiƙa mata leɓe da auduga. Ta ce sunanta Mahbuba, ita aka turo. Habi ta ƙare mata kallo sama da ƙasa, ta rufe ido don kada ta ga abin da zai ɓata mata rai.

An ce wanzami ba ya son jarfa. Asibitin nan bai taɓa ganin majinyaciya mai wahalar sha'ani irin Habi ba. Kunu ya yi ruwa. Ba haka ake riƙe kofi ba. Matashin ya yi tudu. Gadon ma kansa bai yi mata ba, bayanta ya saba da siminti, har sau biyu ana kama ta tana zuro ƙafa za ta sauka ƙasa. Matar gadon kusa ta yi tari, Habi ta yunƙura za ta je ta dafa mata baya, ɗinki ya ja ta ta koma tana salati. Babbar ma'aikaciyar ɗakin, wadda ta san ta shekara da shekaru a gindin gadaje, ta ce in ba ta natsu ba za ta ɗaure ta da zanen gado.

Mahbuba ba ta taɓa ɗaga murya ba. "To, Inna," kawai take cewa, ta gyara. Ranar da za a fara zaunar da Habi, ta ga matar nan ta zura zane ƙarƙashin bayanta, ta lanƙwasa gwiwa maimakon ƙugu, ta ce ta riƙe numfashi, sai ga ta zaune ba tare da ko ɗinki ɗaya ya motsa ba. Habi ta juyo ta dube ta.

"Wa yak koya miki wanga?"

"Makaranta anka koya muna, Inna. In kin ɗaga da ƙugu, cikinki ka biya."

"Lalle kam," in ji Habi. Daga ranar ta rage gyare-gyare, har ta fara koya wa Mahbuba saƙar hula. Ta yarda a ranta cewa bare ma na iya riƙe mutum da tausayi, kuma da ba don matar nan ba da gefen gadonta ya zama irin na tsohuwar Giyawa.

Amma akwai lokacin da ƙarin kati ba ya shiga, shi ne bayan la'asar, in an buɗe ƙofa 'yan dubiya sun ɓarko da kwanukan abinci da lemo da surutu. Habi takan kafa wa fanka ido, sai dai kunnenta na bakin ƙofa. Ita ta ɓoye, ita ta ba da waya, ita ta sa aka rantse, duk ta sani. Duk da haka tana jira. Tana so a ce wani ya ga ɗakinta a rufe ya tambaya. Kwana ya bi kwana ba wanda ya tambaya, abin ya yi mata ciwo fiye da wurin da aka yanka. Tabarmarta na jingine a ƙafar gado a naɗe, don Mahbuba da tata ta zo.

Ranar da ta fara takawa zuwa baranda da dawowa, bayan la'asar, tana kwance tana huce gajiya, sai ta ga Lawwali a bakin ƙofa. Ya shigo da sauri, hularsa a karkace, ƙurar hanya a gira. Ta ɗaga hannu, bai gani ba, don ba gadaje yake kallo ba. Ƙasa yake kallo. Yana bin tabarmi ɗaya bayan ɗaya, yana leƙa fuskokin masu jinya, yana sunkuyawa ya duba tsakanin gado da gado. Ya zo daidai nata, ya ga Mahbuba, ya ce sannu, ya wuce. Ya kai ƙarshen ɗaki ya juyo, ya sake biyowa. A nan idonsa ya faɗa kan koriyar tabarma a naɗe. Ya tsaya. Ya dubi Mahbuba.

"Don Allah, mai tabarmar ga, ina tat tahi?"

"Lawwali," in ji Habi.

Ya ɗago kai a hankali. Ya ga robar ƙarin ruwa da aka cire an bar filasta a bayan hannunta, ya ga yadda ta rame, ya ga gashinta fari fat ba ɗankwali, shi da bai taɓa ganin kanta a buɗe ba tun yana yaro. Bakinsa ya buɗe. Maganar da ya ɗauko tun daga Goronyo ta riga ta hau harshe, sai ta zubo a guntule: ya kira Wurno an ce tana Rabah, ya kira Rabah an ce tana wurinsa, ya kira wayarta Safara'u ta ɗauka ta ce masa tana ɗakin tiyata na mata, ya je ya gani da idonsa, ta kashe. Shi kuwa ya ɗauka jinyar wani take.

Habi ta san abin da ke sa a neme ta har a kira gari uku. Ta dafa gado, ta lanƙwasa gwiwa yadda aka koya mata, ta tashi zaune. Hannunta ya miƙa wajen tabarmar.

"Wa ak kwance?"

Lawwali ya dubi hannun nan da ya sha ciccibarsa. Ya durƙusa a kan simintin, ya riga ta kama tabarmar.

"Ke ak kwance, Gwaggo."

"Kak ka yi min wasa. Matarka Sumayya ta? Ko yaran?"

"Sumayya ta, zazzaɓi na, an ba ta gado Goronyo." Ga ƙaton mutum yana share ido da bakin riga. "Tana da uwa, Gwaggo. Tana da ƙanne ukku. Dut suna nan, tun can suna nan. Mu ɗai munka saba da kiranki."

Ta so ta yi gardama, don bakinta bai san wata hanya ba. Ta ce albasarsa fa, ya ce ta ruɓe. Ta ce ai tana da Mahbuba, an biya komai, ba abin da ya rage. Ya ce ya gani, Allah ya saka wa Mahbuba, amma shi ba inda za shi. Ya ɗauki tabarmar ya fara warwarewa a gefen gado, ya ma shimfiɗa ta a kife.

"Nan ba a barin maza su kwana," in ji Mahbuba a hankali.

"Baranda hwa?"

Habi ta yi ajiyar zuciya. Wannan kam fanninta ne. "Kak ka shimhiɗa kusa ga famfo, sauro ka cinye ka. Tahi gindin taga ta biyu, nan iska ka biyowa, kuma in na yi tari za ka jiya. Juya ta, kihe take. Butar ga tana yoyo, ka jingine ta ga bango."

Ya naɗe, ya ɗauki buta, ya fita. Ta bi shi da kunne har ta ji ƙarar robar nan da ta sani tana warwaruwa a ƙarƙashin taga, ƙarar da ta yi shekaru tana yi wa wasu, ba ta taɓa jin ta daga kan gado ba. Mahbuba ta gyara mata matashi, ta jira a ce ya yi tudu. Ba a ce ba. Gwaggo Habi ta juya fuskarta wajen tagar, kuma tun rana ba ta faɗi ba barci ya ɗauke ta.